Zaren Gilashi da Kuɗin Masu Hannun Jari

Kusan duk saƙon WhatsApp da ya tsallaka teku, ta cikin zaren gilashi ya bi, siriri kamar gashin kai, inda ake mayar da bayanai haske. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fara ƙera zaren da haske ke iya yin tafiya mai nisa a cikinsa, a 1970. Sai dai zaren ba ya aiki shi kaɗai. Akwai na'urorin da ke harba hasken, da masu ƙara masa ƙarfi a hanya, da masu rarraba bayanai su kai kowanne inda aka aike shi. Su ne hajar kamfanoni irin su Cisco da Ciena da Nokia da Arista, waɗanda masu saka jari ke rububin hannun jarinsu yanzu, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na buƙatar na'urorin da yawan gaske.

An taɓa irin wannan rububin. A 1999 Cisco ya sayi wani ƙaramin kamfani, Cerent, kan dala biliyan 6.9. A 2000, kamfanin Nortel na Kanada, mai ƙera irin waɗannan na'urori, shi kaɗai ya kai fiye da kashi ɗaya bisa uku na darajar kasuwar hannun jari ta Toronto. Hujjar kowa a lokacin ita ce intanet zai ci gaba da bunƙasa, kuma ba su yi ƙarya ba, ya bunƙasa ɗin. Duk da haka Nortel ya durƙushe a 2009.

Abin da ya faru shi ne kamfanonin sadarwa sun ci bashi sun binne zaren da ya ninka buƙatar lokacin, yawancinsa ya zauna a ƙasa ba a ko kunna shi ba. Abin takaicin ma, Nortel da takwaransa Lucent su ne ke ranta wa wasu abokan cinikinsu kuɗin sayen kayansu, sai ciniki ya yi kyau a takarda. Da kamfanonin sadarwa irin su Global Crossing da WorldCom suka karye a 2002, odar kaya ta ƙafe. Bayan durƙushewar Nortel, sashensa mai ƙera kayan haske ya koma hannun Ciena kan dala miliyan 769 kacal.

Masu sayen kayan a yau, irin su Microsoft da Meta da Amazon da Google, sun fi kamfanonin wancan zamani ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba. Amma ba su da yawa. Rahotannin shekara na Arista sun nuna Microsoft da Meta ne ke kawo babban kaso na kuɗin shigarsa, don haka in ɗaya ya rage sayayya, kamfanin zai ji a jikinsa. A ganina, mai son zuba kuɗi a nan ya fara buɗe wannan shafin na rahoton, ya ga mutum nawa ke sayen kayan, kuma da kuɗin wa suke biya.