Wuni Guda a Duwatsun Birnin Kudu: Uwargida, Kin Taɓa Kai Yara?

Idan hutu ya zo, iyalai a Turai da Amurka kan loda tanti da abinci a mota, su je su kwana a daji, bakin wani tafki a gindin dutse. Mu kuwa yaranmu hutunsu kan ƙare ne a gaban talabijin ko a kan wayarmu. To, uwargida, ba sai kin mallaki tanti ba. Tabarma da kular abinci sun isa, kuma wurin zuwa na nan kusa, a kudancin Jigawa.

A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin inuwar duwatsun nan mutanen dā suka bar zanen shanu, yawanci da jan launi. Ki ce wa yara su duba da kyau: da yawa daga shanun ba su da tozo, saɓanin na Fulani da suka saba gani. Akwai kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa su sai su yi amo kamar kuge. A nan ne wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura da su a 1955, ya sanar da duniya. Yau wurin yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Lokacin da ya fi shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Da damina dutse na santsi, da bazara kuwa ƙuna yake kamar tanda. Ku fita da sassafe tare da maigida, ku fara neman mai kula da wurin ya yi muku jagora, ku kamo hanyar gida kafin magariba. Kwana a fili ba shi da amfani ga mai ƙananan yara.

Ki yi guzurin abin da ba ya saurin lalacewa: dambu, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, zoɓo, da ruwan sha fiye da yadda kike zato. Kowane yaro ya sa takalmi rufaffe da rigar sanyi.

Sai abu uku da ba a wasa da su. Na ɗaya, kada yaro ya zura hannu a rami ko tsagar dutse, gidan maciji da kunama ne. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi sai asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin. Na biyu, ba wanka a kududdufi ko rafi: ban da nutsewa, a nan ake ɗaukar tsargiya. Na uku, ba taɓa zane, ba rubuta suna da gawayi. Abin da ya daɗe haka yana jiranmu, kada ya lalace a hannun 'ya'yanmu.

Idan kun dawo, ki miƙa musu takarda da fensir, kowa ya zana saniyar da ya gani. A nan za ki gane abin da suka kwaso.