Kantunan Babban Titi a Tsofaffin Katunan Gidan Waya

Tun kafin wayar salula, mutanen Amurka suna da hanyar aika gajeren saƙo haɗe da hoto. Kati ne mai kauri, girmansa bai wuce tafin hannu ba, hoto a gaba, adireshi da kan sarki a baya. A da, santi ɗaya ake biya a gidan waya ya tafi. Daga ranar 1 ga Maris 1907 hukumar gidan waya ta ƙasar ta yarda a raba bayan katin gida biyu, gefe ɗaya na saƙo, ɗayan na adireshi. Daga nan har wajen 1915 aka yi ta yayin katunan.

Hoton da ƙananan garuruwa suka fi sakawa shi ne na babban titinsu, wanda suke kira Main Street. A nan kasuwancin gari yake. Kamfanin Kodak ya sauƙaƙa aikin a 1903 da ya fito da kyamara mai ɗaukar hoto daidai girman kati. Mai hoton gari sai ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗauka, ya wanke, ya kai kemis a sayar.

Idan ka ƙura wa irin wannan kati ido, za ka ga kantin kayan masarufi inda manomi ke sayen gishiri, yadi, ƙusa da kananzir a wuri ɗaya, sau da yawa bashi har zuwa kaka. Kusa da shi akwai shagon aski da sandarsa mai ratsin ja da fari a ƙofa. Ga kemis, wanda ban da magani yake sayar da lemo mai sanyi, matasa suna taruwa a ciki. Ga banki na dutse a kusurwa, ga otal, ga shagon mai ɗinkin sirdi da linzami. Wasu shagunan katako ne masu hawa ɗaya, amma an ɗaga bangon gabansu sama don su yi kama da bene.

Katin yana faɗin shekarunsa ga mai lura. Titi na ƙasa da keken doki ɗaure a gaban kanti yana nuna farkon ƙarni na 20. Idan motoci sun fara cakuɗuwa da dawaki, an shiga zamanin motar Ford Model T, wadda ta fito a 1908. Idan shagon mai sirdi ya koma garejin gyaran mota, an sake matsawa gaba.

Sai dai ba duk abin da kati ya nuna ne gaskiya ba. Da yawa daga cikin masu launi a Jamus aka buga su kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma masu saka launin ba su taɓa ganin garuruwan ba. Kamfanin Curt Teich na Chicago, wanda aka kafa a 1898, yakan gyara hoto kafin bugawa: a goge wayoyin lantarki, a share datti, a ƙara gajimare masu kyau. Manufar kati ita ce tallata gari, don haka unguwannin talakawa ba kasafai suke fitowa ba. Ɗalibin tarihi dole ya tambayi kansa wa ya ɗauki hoton, kuma me aka bari a waje.

Yawancin kantunan nan sun rufe. A 1956 Amurka ta kafa dokar gina manyan hanyoyi tsakanin jihohi, hanyoyin kuma suka riƙa zagaye ƙananan garuruwa. Manyan kantuna masu filin ajiye motoci da farashi mai rahusa suka tsiro a bayan gari, masu saye suka bi su. Sam Walton ma da ƙaramin kanti yake a dandalin garin Bentonville na jihar Arkansas tun 1950, kafin ya buɗe Walmart na farko a garin Rogers a 1962.

A 1980 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta kafa cibiyar farfaɗo da irin waɗannan tituna. Masu gyaran gine-gine sukan koma ga tsofaffin katuna su ga yadda taga da rumfa da allon suna suke a da. Tarin katunan Curt Teich yanzu yana ɗakin karatu na Newberry a Chicago, inda masu bincike ke amfani da shi.

Titin da kake bi zuwa makaranta shi ma canzawa yake yi. Mai shayi, tela, mai cajin waya da mai POS ba lallai su kasance a wurin nan da shekara 30 ba. Ka nemi izininsu ka ɗauki hoton layin, ka wanke shi a takarda, ka rubuta sunan titi da kwanan wata a baya. Hoton da ke cikin waya kawai yakan ɓace ranar da wayar ta lalace.