Taici: Motsa Jiki Sannu a Hankali Bayan Jin Rauni

A nan Madarumfa ana yawan jin rauni. Wani ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar Maraɗi, wani daga amalanke, wani kuma ya gurɗe ƙafa a gona ko a filin kokowa. Bayan an yi ɗori, ƙashin babban mutum yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Amma haɗewar ƙashi ba ita ce ƙarshen jinya ba. Gaɓar da ta daɗe ba ta motsi takan sage, naman wurin ya rame. Idan ka koma aiki mai nauyi nan take, kana iya sake faɗuwa, har ka rasa noman damina. Maganin wannan shi ne motsa jiki a hankali, kuma taici hanya ce mai sauƙi ta yin haka.

Mene ne taici?

Taici wasan motsa jiki ne na ƙasar Sin. Ana danganta asalinsa da wani ƙauye na lardin Henan, a ƙarni na 17. A shekarar 1956 hukumomin ƙasar suka tsara gajeren salo mai motsi 24 domin kowa ya iya koyo. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gargajiya na duniya. Ba ibada ba ne, kuma ba ya bukatar kuɗi ko kayan aiki. Ana yin sa a tsaye, ba gudu, ba tsalle.

Mene ne amfaninsa?

A shekarar 1996 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Atlanta na Amurka a kan tsofaffi 200. Waɗanda suka koyi taici, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A shekarar 2016 kuma, an wallafa sakamakon gwajin da aka yi masa a birnin Boston a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa. Bayan mako 12, sun sami sauƙi daidai da waɗanda ma'aikatan asibiti suka horar. Dalili shi ne, idan kana sauya nauyinka daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali, ƙafafun suna yin ƙarfi, jiki kuma yana sake koyon tsayuwa daidai.

Kafin ka fara

Taici ba ya ɗora ƙashi, kuma ba ya maye gurbin magani. Ka fara zuwa asibitin Madarumfa ko gidan likita mafi kusa, ka tambaya ko gaɓarka ta isa ɗaukar nauyi. Idan an tura ka babban asibitin Maraɗi domin ɗaukar hoto, ka je.

Yadda za ka yi a gida

Ka zaɓi wuri mai inuwa a tsakar gida, inda ƙasa take daidai, kusa da bango. Da sanyin safiya ya fi, musamman lokacin bazara.

1. Ka tsaya, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe.
2. Ka ɗaga hannuwa zuwa kafaɗa kana shaƙar iska, ka sauke su kana fitar da ita. Sau 10.
3. Ka mayar da nauyinka kan ƙafar dama, ka ƙirga 5, sannan ka mayar kan ta hagu.
4. Ka yi taku ɗaya gaba, diddige ya fara taɓa ƙasa, sannan nauyinka ya biyo baya.

Ka fara da minti 10, kwana 3 a mako, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Idan tsayuwa ta yi wuya, ka yi motsin hannuwa a zaune kan kujera.

Yaushe za ka dakata?

Ƴar gajiya ba komai ba ce. Amma ka daina, ka koma wurin likita, idan ka ji zafi mai suka, ko wurin ya kumbura, ko ya mutu ba ka jin taɓi, ko jiri ya kama ka. Kada ka gwada kanka da kowa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ka karanta wa ƴan'uwanka wannan darasi, maza da mata, ku riƙa yi tare domin wani ya kula da wani.