Ɓad da Kamar Kayan Fatsa a Kamun Kifin Kaf

A Ingila da wasu ƙasashen Turai, kamun kifin kaf (carp) wasa ne na nishaɗi. Ana kama kifin, a auna nauyinsa, a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi ruwa da ransa. Wasan ya bunƙasa bayan 1952, lokacin da wani mai fatsa, Richard Walker, ya kama wani kaf mai nauyin kusan kilo 20 a tafkin Redmire. Tun da kifin yakan rayu shekaru da dama, kuma ƙugiya takan kama shi fiye da sau ɗaya, sai ya yi wayo. Ganin zare ko ƙyallin ƙarfe kusa da abinci kan sa ya juya ya bar wurin. Wannan ne ya sa masu fatsa suke ɓad da kamar duk abin da ke ƙarshen zarensu: ƙugiya, guntun zaren da ke riƙe da ita, da dalmar da ke nutsar da su.

Aikin yana farawa da sanin ƙasan ruwa. Mai fatsa yakan jefa dalma ita kaɗai ya jawo ta a hankali, ya ji a hannunsa ko tsakuwa ce a wurin, ko laka, ko ciyawa. Daga nan sai ya zaɓi launin da zai saje: ruwan ƙasa don tsakuwa, baƙi don laka, kore don ciyawa. Ana sayar da dalma da ƙugiyoyi masu rufi mara sheƙi saboda wannan dalili.

Sai batun zare. Da yawa suna amfani da zaren fulorokabon a maimakon na nailan, domin yadda yake karkatar da haske ya fi kusa da na ruwa, ga shi kuma da nauyi, yana nutsewa da kansa. Amma ba ya ɓacewa gaba ɗaya kamar yadda masu talla suke nunawa, musamman idan ƙurar ruwa ta manne masa.

Launi dai ba shi ne babban abu ba. Kaf kifi ne mai kiwo a ƙasa, yana laluben abinci da leɓɓansa da gashin bakinsa guda huɗu, kuma jikinsa na jin motsin ruwa. Zaren da aka ja ya miƙe a tsakiyar ruwa zai taɓa shi, ya firgita, ko da launin ya dace sarai. Saboda haka gwanaye sun fi damuwa da kwantar da zaren a ƙasa. Sukan sassauta shi bayan jifa, su liƙa masa ɗan ƙullin tangistin mai nauyi, ko su rataya ƙaramar dalma kusa da gaɓa don ta danne shi. Wasu kuma sukan zuba ƙugiyar da abincin cikin jakar da ke narkewa a ruwa, ta yadda abincin zai zube ya rufe ƙugiyar.

Akwai kuma igiya mai dalma a cikinta, wadda take kwanciya sosai a ƙasa. Haɗarinta shi ne idan zare ya tsinke, kifin na iya jan ta har ta sarƙe a itace ko ciyawa, ya mutu a ɗaure. Don haka masu kula da tafkuna da dama suka hana amfani da ita, suna kuma buƙatar a ɗaura dalma yadda za ta saɓule da kanta idan zaren ya tsinke.