Abin Da Ke Sa Hotunan Yaƙi Su Fito Dishi-dishi

A ranar 6 ga Yuni, 1944, Robert Capa ya sauka tare da sojojin Amurka a gaɓar tekun Normandi ta Faransa, harsasai na zuba. Hotuna 11 kacal aka samu daga aikinsa na wannan safiya, kuma dishi-dishi suka fito. Dalilin yana cikin yadda kyamara ke karɓar haske.

Kyamara ta yi kama da idon ɗan Adam. Ƙofar haskenta tamkar baƙin tsakiyar ido ce, wanda kan tsuke zuwa kimanin milimita 2 a cikin rana, ya buɗe har kusan 8 a duhu. Sai kuma marfin da ke buɗewa ya rufe. In ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, mai gudu ma zai fito cak kamar an dasa shi. In kuwa haske ya yi ƙaranci, dole marfin ya daɗe a buɗe, wataƙila kashi ɗaya bisa 30, kuma a wannan ɗan tsakani duk wani motsi, na soja ne ko na hannun mai ɗauka, zai shafe hoton. Capa ya yi aiki ne da sassafe, ga hadari, ga fim ɗin wancan zamani mai bukatar haske da yawa.

A nan ido ya fi kyamara. Bayan minti 20 zuwa 30 a cikin duhu, ƙwayoyin tantanin bayan ido kan ƙara ƙarfin gani ninkin ba ninkin. Shi ya sa mutum kan ga hanya sarai a farin wata, amma wayarsa ta ɗauko baƙi ƙirin.

Wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne. Ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Yasore, waɗanda ke kusa da Dajin Rugu, sun sha hare-haren 'yan bindiga, sau da yawa da dare. Wayar hannu kan rama ƙarancin haske da ƙara ƙarfin na'urarta, sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo, fuska ba ta ganuwa. Fitilar wayar kuwa ba ta kai ko'ina ba bayan 'yan mitoci, ga shi tana tona inda mai ɗauka ya ɓuya, abin da zai iya jawo masa halaka. Don haka hotunan da ke isa jaridu galibi na wayewar gari ne: rumbunan da suka ƙone, da toka, da jama'ar da ke haɗa kayansu.