Dalilin da ya sa wanda lantarki ya kama ba ya iya sakin waya

Idan lantarki ya ja mutum, akan ce wuta ta riƙe shi. A haƙiƙa kuwa, tsokar hannunsa ce take damƙe wayar ba da son ransa ba.

Ƙwaƙwalwa tana aika wa tsoka umarni ne ta wani ɗan ƙaramin lantarki da ke bin jijiyoyi, kuma idan wuta ta shigo daga waje sai ta danne wannan umarni.

Wutar gida a Najeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda, don haka tsoka ba ta samun sararin saki. Tsokokin da ke dunƙule yatsu kuma sun fi masu miƙe su ƙarfi, shi ya sa hannu ke rufewa a kan wayar.

A shekarun 1940 da 1950, Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya gwada wannan a jikin masu sa kai. Ya gano cewa a matsakaicin lissafi, namiji yakan kasa saki idan wutar ta haura miliamfiya 16, mace kuwa wajen 10. Wannan ba wata wuta mai yawa ba ce, domin ƙwan fitila mai wat 60 yana jan fiye da 250.

To me ya sa shingen lantarki da ake gani a katangun gidaje a Abuja da Kano ba ya riƙe mutum, alhali ƙarfinsa ya kai dubban volt?

Na'urarsa ba ta sakin wuta a jere. Takan harba ta ne kamar sau ɗaya a daƙiƙa, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sannan ta yanke. A wannan tazarar ce mutum ko dabba ke fizge jiki.

Babban haɗarin shi ne a haɗa shinge kai tsaye da wutar gida don gudun kashe kuɗin na'ura. Irin wannan ba ya yankewa, kuma idan wutar ta ratsa ƙirji takan hargitsa bugun zuciya har ta kai ga ajali. Ko shinge mai na'ura ma yana iya illata wanda ya maƙale a cikinsa, musamman yaro.

Mai ceto kada ya taɓa wanda wuta ta kama da hannu. Ya fara kashe wutar, idan kuma hakan bai yiwu ba ya raba shi da wayar da busasshiyar sanda.