Magatakardan Bairos: Daga Ina Yake Fara Rubutu?

Duk wanda ya taɓa kwafar tsohon kundi ya san cewa wahalar aikin tana ga layin farko. Wannan ne ya faɗo mini a rai da na shiga karatun yadda ƙwayoyin cuta irin su shan-inna, mura da zazzaɓin Lassa ke hayayyafa. Fagena nazarin harshe ne, saboda haka likitoci su yi mini afuwa idan na yi shisshigi.

Gadon waɗannan ƙwayoyi rubutacce ne a kan wani zare da ake kira RNA, da haruffa huɗu kacal: A, U, G da C. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da na'urar kwafar RNA daga wani RNA, don haka tilas bairos ya zo da magatakardansa, wani furotin mai suna folimeres. Masana sun ce siffarsa kamar hannun dama ne da aka ɗan dunƙule: tafi, yatsu da babban yatsa. Zaren yana ratsawa ta tsakiya, a tafin kuma ake liƙa sabon harafi kan na baya.

To, a kan me za a liƙa harafin farko? Nan kowane bairos ya ɓullo da dabararsa. Na ciwon hanta nau'in C yana fara rubutu ba tare da madogara ba. Na shan-inna yana kafa ɗan ƙaramin furotin mai suna VPg, ya ɗora haruffan farko a kansa. Na mura kuwa ɓarawo ne na gani-kashe-ni. Idan zai rubuta saƙonnin da ke umartar ƙwayar jikinmu ta ƙera masa furotin, sai ya guntule kan saƙonninmu, haruffa 10 zuwa 13, ya ci gaba daga nan da nasa zancen, tamkar mai yanko hatimin hukuma ya manna a takardar jabu. Jiki ya ga hatimi, ya bi umarni.

Sanin wannan magatakarda ya riga ya haifar da magani. Sofosbuvir, wanda aka amince da shi a Amurka a 2013, yana shiga zaren a matsayin harafin bogi ya tsayar da rubutun bairos ɗin hanta. Baloxavir, na 2018, almakashin ɓarawon mura yake dakushewa.

Abin da ya fi damuna shi ne Lassa, cutar da ta samo sunanta daga wani gari na jihar Borno a 1969. Shi ma bairos ɗinta satar kan saƙo yake yi, kuma a 2020 masana suka fitar da cikakkiyar siffar folimeres ɗinsa. Amma duk rani idan cutar ta taso, ribavirin ake ba majinyatanmu, tsohon maganin da ba dominta aka ƙirƙira ba, wanda likitoci ke ta muhawara a kan amfaninsa. An ga almakashin, an auna shi. Wanda zai ɗauki nauyin ƙera abin dakushe shi muke jira.